Anti Sake da mutumin da aka bari a bakin ƙofa

Littafina na farko ya bazu a gari tun kafin a buga shi. Na ɗora shi a kan rufin mota ina laluben makulli, na samu makullin, na shiga na tayar, na manta da shi. Sai da na hau babban titi na hango fararen takardu suna tashi a madubi kamar an kori tantabaru. Ni da nake koyar da tuƙi, kullum ina cika wa ɗalibai kunne da su duba ko'ina kafin su motsa. Na bi titi ina tsinta, wani shafin a ƙarƙashin tayar babbar mota, wani a cikin kwata, wani kuma wata baiwar Allah ta riga ta share wa ɗanta hanci da shi. Ban sa wa shafukan lamba ba, ba ni kuma da kwafi. Na zauna a bencin wani mai faci ina ƙoƙarin jera su, sai na tarar duk yadda na jera, labarin bai canza ba. A lokacin na ɗauka baiwa ce.

Mai facin ya gaji da kallona, ya nuna min wani tsohon bene da haɓarsa. "Hau sama wajen Anti Sake. Irinku take gyarawa."

Matattakalar benen siririya ce, mai duhu, ko tari ka yi a ƙasa sai an ji a sama. Ɗakin nata taga ɗaya gare shi. Ga tebur da kwamfuta, ga kantar littattafai, ga wani ƙaramin tebur a lungu da aka lulluɓe wani abu a kansa da mayafi. Jikin bango kuwa agoguna ne rataye, manya da ƙanana, babu mai tafiya, kowanne ya tsaya a nasa lokacin. A tsakiyar ɗakin akwai kujerar katako da ta juya wa teburin baya, tana kallon bango.

Matar 'yar ƙarama ce, ta manyanta, tabarau rataye a wuyanta da zare. Ta yi aikin buga takardu a wani ofis har ta yi ritaya. Abin da na fara lura da shi yatsunta ne, gaɓoɓin sun kumbura kamar an ɗaɗɗaure igiya. Na zube mata tarin takarduna masu shatin taya. Ko taɓa su ba ta yi ba.

"Ba na bugawa daga takarda. Zauna ka karanta min."

"Anti, kujerar taki fushi take yi da ke? Ta ba ki baya."

"Haka take. In kana ganin fuskata, yabo za ka yi ta nema a ciki. Me kake yi in ba ka zubar da littafi a titi?"

"Koyar da tuƙi."

"Allah ya kare masu tafiya a ƙasa. Fara, Direba."

Na gyara murya na fara. Ban gama jimla ta biyu ba na ji ta daga bayana: "Sake." Na sake. "Sake." A karo na gaba ni da kaina na ji jimlar ta yi min tsawo a baki, na yanke ta, sai na ji yatsunta sun ci gaba. Daga wannan kalmar sunan ya samo asali, har babu wanda ya tuna na yankanta. Ta ce duk inda harshen marubuci ya yi tuntuɓe, a nan edita zai ajiye takardar ya tafi shan ruwa, kuma ba zai dawo ba.

Na yi watanni ina hawa benen nan bayan na tashi daga aiki. Matata ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin wanda ya iya katse ni ba sai wannan matar, ta kuma ce in gaishe ta da kyau. A kujerar nan na koyi abubuwan da babu wanda ya taɓa gaya min. Lamba a kowane shafi. Kwafi a gida, wani a wajen wanda ba ya yawo da mota. Tazara tsakanin layuka, don mai gyara ya samu wurin zaginka. Littattafan kantarta ba da sunan marubuta ta jera su ba, da sunan kamfanonin da suka buga su ne, kuma ba za ta ba ka adireshin kowa ba sai ka ari nasu ka karanta.

"Kar ka kai wa masu littafin lissafi labarin soyayya, ka dawo kana cewa an tsane ka. Babin farko-farko za ka aika, da taƙaitaccen bayani. Wasiƙar da za ta raka su kar ta wuce tafin hannu, ba tarihin kakanninka aka tambaye ka ba. Wanda kuma ya yabi littafinka bai buɗe shi ba, ya ce kawo na bugu, nemi takalmanka."

"In sun dawo min da shi fa?"

"In da bayani suka dawo da shi, ka yi godiya, an karanta ke nan. In ka aika, kar ka zauna gadin amsa. Fara wani."

Mutane da yawa sun zauna a kujerar kafin ni. Akwai wata nas, akwai wani tela, akwai tsohon ɗan sandan da duk mutanen labarinsa sai an kama su kafin babi ya ƙare. Wasu an buga nasu, suna nan a kanta. Wasu sun gaji sun daina zuwa. Wasu kuma sun rasu littafin na hannun edita. Waɗannan ba ta cika son maganarsu ba. Sau ɗaya dai ta ce min takarda ba ta bin mutum gida, murya ce take bi. Akwai kalmomin da in ta zo buga su, sai ta ji su yadda wani ya taɓa faɗarsu a ɗakin, alhali mutumin ya daɗe a ƙasa. Tana faɗar haka wata babbar mota ta wuce, benen ya girgiza, wani agogo a bango ya yi tik, tik, ya sake yin shiru. Ta ce kar in damu, yakan yi haka. Na ce ban damu ba. Na dai matsar da kujerata kusa da ƙofa.

Agogunan na mijinta ne, Allah ya jiƙansa. Mai Agogo ake ce masa, a ɗakin nan yake gyara, waɗannan kuma na mutanen da suka kawo ne ba su dawo karɓa ba. Ciwon suga ya ɗauke masa gani. Mutumin da ya saba da ƙusoshin da ba su kai ƙwayar yashi ba ya wayi gari ba ya ganin tafin hannunsa. Ya yi zaman shiru har ta fara tsorata. Rannan sai ya ce ta ɗauko keken rubutunta, yana da labari. Ya juya mata baya don kunya, wai ko makaho yana jin ido a jikinsa. Tun daga nan ya daina kiranta da komai sai Hannuna.

Labarin wani mutum ne da ya ce wa matarsa zai je ya dawo, ya fita da silifa, bai dawo ba sai da furfura ta cika masa kai. Duk littafin tafiyarsa ce, garuruwan da ya zauna, ayyukan da ya yi, da yadda kullum yake cewa gobe zai kama hanya. Na karanta shi a tsaye a bakin taga, kuma ni da ba na iya karanta takardar magani ban saka wasa ba, ban samu inda zan yi dariya ba. A babin ƙarshe mutumin ya iso layinsu, ya gane gidan, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa. Ya ji takun tafiya daga ciki. A nan rubutun ya tsaya.

"Ciwonku na marubuta ne ya kama shi," in ji ta. "Gyara. Mu kai ƙofar nan, sai ya ce mu koma babi na baya akwai abin da bai zauna ba. Mun fi shekara muna zuwa bakin ƙofar muna juyawa. Ran da ya ce gobe za a buɗe, goben ba ta same shi ba."

Abin da ke ƙarƙashin mayafin nan keken rubutun ne, da takardar ƙarshe a maƙale, ta yi ruwan ƙasa don tsufa.

Ta kai littafin wa wani edita a kamfanin da ta fi yarda da su. Ya karanta, ya hawo benen da kansa yana haki, ya ce yana so. Amma ba zai sayar wa mutane littafin da zai bar su tsaye a waje ba, sai an buɗe ƙofar. Ya yi ta jira shekara da shekaru. Yanzu ya aiko cewa ƙarshen shekarar nan zai yi ritaya, waɗanda za su gaje shi kuma sun riga sun faɗa, littattafan makaranta kawai za su riƙa bugawa. Ga yatsunta, likita ya ce ta daina tun tuni. In shekara ta ƙare ba a buɗe ƙofar ba, littafin Mai Agogo zai zauna a ɗakin nan tare da agogunan da ba a dawo karɓa ba.

Shi ya sa take da wata ɗabi'a. Duk wanda ta gama buga masa littafi, sai ta karanta masa shafin ƙarshen nan ta tambaye shi wa ya buɗe ƙofar. Tsohon ɗan sanda ya ce 'yan sanda ne, dama suna jiransa. Nas ta ce 'yarsa ce, uwar na kwance ba lafiya. Tela ya ce baƙo ne da ya sayi gidan. Kowanne ta buga shi tsaf, ta karanta, ta ce ta gode, ta jefa a aljihun tebur. Ba muryarsa ba ce.

Na ce, "Anti, ke da kika san shi ciki da waje, ki rubuta mana abinki mana."

"Ni hannu ce, Direba. Yatsuna ba sa tafiya sai murya ta wuce gaba. Na sha zama a gaban keken nan. Ko harafi ɗaya."

Da nawa ya zo, na ce ai mai sauƙi ne: mutumin ya yi ɓatan kai, gidan maƙwabta ya ƙwanƙwasa. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Wannan ko aljihun tebur ba zai karɓa ba."

Sai ta yi abin da ban ji ta yi wa kowa ba, wataƙila don lokaci ya ƙure mata. Ta ɗauko wata tsohuwar rediyo mai kaset. Ranakun da take ofis, shi kaɗai yakan zauna ya yi ta magana a kaset, in ta dawo ta buga. Ta danna. Aka ji shuuu, sai gyaran murya sau biyu, gajere da dogo. Sannan wata murya mai kauri, mai ɗan kaushi, wadda take jan ƙarshen kalma kamar mai tsoron ta faɗi ta fashe: "Ina muka tsaya, Hannuna?" Haka yake fara kowane zama, ko tana nan ko ba ta nan. Muka saurare shi har ya kai mutumin bakin ƙofa, ya ce a bar shi nan sai gobe. Ta kashe. Na yi sallama a hankali na fita.

To, ni ina da wata larura. Duk muryar da ta shiga kunnena sai ta fito ta bakina. Ɗalibaina, surukata, mai gidan da nake haya, babu wanda ya tsira. Ba shawara nake yi da bakin ba. Ina tsakiyar matattakala, cikin duhun nan, sai kawai na ji maƙogwarona ya yi gyaran murya, gajere da dogo, ya ce, "Ina muka tsaya, Hannuna?"

Wani abu ya faɗi a sama ya tarwatse. Na ɗaga kai. Tana tsaye a bakin matattakalar, hannu ɗaya dafe da bango, ba ni take kallo ba, bayana take leƙawa. Ta daɗe tana leƙen. Sannan idonta ya sauko kaina, fuskar ta koma ta tsohuwa.

"Kai ne."

"Anti, wallahi bakin ne, ki yafe..."

"Gobe in ka tashi aiki ka zo. Kar ka kawo littafinka."

Washegari hadari ya haɗu tun da rana, aka kuma ɗauke wuta. Na same ta ta yaye mayafin, ta sa wa keken sabon ribon mai tawada, ta jawo teburin zuwa bayan kujerar. Hasken tagar bai wuce na ganin takarda ba. Na ce mata ni fa murya kawai na iya ɗauka, ban san abin da ke cikin kan mutumin ba, kuma abin nan bai kwanta min ba. Ta ce ba ta tambaye ni ba. Na zauna ina kallon bango da matattun agoguna.

Na yi gyaran muryar. Na yi tambayar. Ta fito daidai da ta kaset.

Daga bayana ta amsa da wata murya da ban san ta da ita ba, mai laushi, ta mace mai magana da mijinta. Ta karanta layin ƙarshe: ya ƙwanƙwasa, ya ji takun tafiya daga ciki.

Na buɗe baki. Ni da aka taɓa fitarwa daga ɗakin jiran asibiti don surutu, na nemi kalma ɗaya na rasa. Duk abin da ya zo min wasa ne, kuma na san in na yi wasa da muryar nan ba zan ƙara hawa benen ba. Na rufe bakin. Na zauna ina jiran ta ce in tashi in ba ta wuri.

Sai na ji ƙwas. Can kuma ƙwas, ƙwas. Keken ya kama tafiya, a hankali da farko, sannan ya miƙe, ƙararrawarsa tana bugawa a ƙarshen layi tana mayar da shi. Takan tsaya kamar mai sauraro, ta ci gaba. Ruwa ya sauko a kan kwano. Ban ce komai ba. Na rantse ban ce komai ba, leɓunana a manne suke, har cije su na yi don in tabbatar. Ta zare takarda ta saka wata. Ina jin numfashinta, ina jin inda yatsun suke mata ciwo, don wani harafin sai ta danna shi sau biyu.

Can tsakiya keken ya tsaya cak.

"Sake," in ji ta.

Ba da ni take ba. Na ƙura wa bango ido, na ji bayan wuyana ya yi sanyi kamar an buɗe taga. Aka yi shiru gwargwadon yadda mutum zai maimaita jimla. Ta ce, "Yauwa," ta ci gaba da bugawa.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba, agogunan ɗakin kuwa ba masu taimako ba ne. Ruwan dai ya tsagaita kafin ta zare takardar ƙarshe. Da na juyo, hannayenta na kan cinya, ta kasa ko naɗe yatsun. Ta nuna min shafukan da haɓa, ta ce in sa musu lamba, tunda yanzu na san amfaninta.

Na karanta ina sakawa. Matar ce ta buɗe. Ta tsufa, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dubi ƙafafunsa ta ce har yanzu silifa yake yawo da ita. Ta koma ciki ta bar ƙofar a buɗe, ya bi ta, ya tarar da kujerarsa a inda ya bar ta, an sake mata ƙafa ɗaya. Ta ce ya zauna. Ta tambaye shi ina suka tsaya. Ban iya gane inda maganar Mai Agogo ta ƙare ba, balle inda wata ta fara.

Ni na kai wa Edita a motar koyo, kwafi ɗaya a hannuna, ɗaya a wajenta, kuma a kan cinya na riƙe shi har ofis. Ya karanta a gabana, ya cire hula ya shafa kai, ya tambaye ni a ina aka samo. Na ce a inda aka bar shi. Shi ne littafi na ƙarshe da ya sa wa hannu kafin ya tafi.

Anti Sake ba ta ƙara buga wa kowa ba, yatsun sun ƙi. Har yanzu dai tana buɗe ɗakin, masu rubutu suna hawowa su zauna a kujerar su karanta, tana ce musu sake, su je wani wuri a buga musu. Ba ta taɓa cewa in ƙara yin muryar ba, ni ma bakina bai ƙara ɗauko ta ba, ko da wasa. Nawa littafin ya je wurare ya dawo, a karo na bayan nan har da bayani shafi guda, na yi godiya kamar yadda aka koya min.

Ran da aka kawo mata kwafin farko ina wurin. Ta shafa bangon littafin, ta shafa sunansa, ta sa shi a kanta cikin 'yan kamfaninsu. Ɗakin ya yi min shiru da yawa, kuma kun san ni da shiru.

Na ce, "Anti, na duba gaba na duba baya, ban ga sunana ba. Ko a shafin godiya? Ai da ni aka buɗe ƙofar nan."

Ta saka tabarau ta dube ni sama da ƙasa.

"Direba, ka yi watanni kana zuba a kujerar nan. Ran da ka rufe bakinka ce kaɗai ban ce maka sake ba. Je ka rubuta irin wannan, ni da kaina zan kai maka."